Yaɗiya: ganyen da ba ya jiran damina

Wane irin tsiro ne yaɗiya?

Tsiro ne mai yaɗo, sunan ma ya nuna. Ba shuka ta ake yi ba, da kanta take fitowa a saura da gefen gona, ta bi ƙasa ko ta naɗe shinge. Masana suna kiranta Leptadenia hastata, kuma danginsu ɗaya da tumfafiya. Wanda ya taɓa ganin kwansonta ya bushe ya tsage zai yarda da wannan zumunci: iri ne mai farin gashi kamar auduga, iska ke ɗauke shi ta kai nesa. Furenta ƙanana ne, cunkus wuri guda, kuma shi ma ana ci.

Me ya bambanta ta da tafasa ko rama?

Tafasa da rama da lalo 'yan damina ne, ruwa na ɗaukewa sai su bushe, sai kuma baɗi iri ya sake tsirowa. Yaɗiya kuwa saiwarta tana raye shekara da shekaru a cikin ƙasa. Ka fita bayan garin Zariya wajen Kufena ko hanyar Shika a watan Maris, lokacin da daji ya koma ƙura da kara, idan ka hangi kore shar a kan wata ƙaya, sau da yawa ita ce. Abin da ya sa nake ganin girmanta ke nan. A shekarun fari irin 1973 da 1984 tana cikin ganyayen da mutanen karkara suka riƙe cikinsu da su a Nijar da arewacin ƙasar Hausa. Awaki da raƙuma ma ita ce rufin asirinsu da bazara.

Yaya ake sarrafa ta?

Ana tsinko toho da ganye masu taushi, a wanke sosai, a dafa da ɗan kanwa. Tana da ɗaci-ɗaci, don haka a tsiyaye ruwan farko a matse. Sai a daka ƙuli-ƙuli da attaruhu da gishiri, a yanka albasa, a zuba man gyaɗa, a kwaɗanta. Wasu suna sa ta a dambu, wasu a wake. Ni dai kwaɗon ya fi min, musamman idan furen ya shiga ciki.

Da gaske ne tana magani?

An daɗe ana ba masu jego don ruwan nono, ana kuma ambatonta wajen hawan jini da ciwon suga. Cin ta a matsayin abinci daban, dafa ta ana shan ruwan kofi-kofi daban. Mai shan maganin asibiti kada ya ajiye shi saboda ita, mai juna biyu kuma ta tambayi likita ko ungozoma tukuna.

Me ya sa ta yi wuyar samu a Zariya yanzu?

Saurukan da take fitowa wajen Samaru da Basawa gidaje sun cinye da yawa, gonaki kuma ana yi musu feshin maganin ciyawa. Wannan feshin shi ne abin da ya fi damuna, domin ganyen da aka tsinko daga gonar da aka fesa bai kamata ya shiga tukunya ba, haka ma na bakin titi da na bakin kwata. Idan za ka saya a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada, tambayi mai ita inda ta samo. Idan kuma da hannunka za ka tsinka, ɗauki toho ka bar gindin, bayan 'yan makonni za ka tarar ta sake fesowa.