Me ya sa masu rubuta kanel na Linux ke guje wa sprintf da BUG_ON?

Mene ne laifin sprintf?

Umarni ne na yaren C da ke zuba rubutu a ƙwaƙwalwar kwamfuta, amma ba ya tambayar girman wurin da zai zuba shi. Ka ware masa baiti 64, rubutun ya kai 100, zai ci gaba da zubawa har ya malala kan bayanan da ke maƙwabtaka. Idan manhaja ce ta yau da kullum, ita kaɗai za ta faɗi. Kanel kuwa shi ne zuciyar tsarin kwamfuta, babu na sama da shi da zai tare ɓarna, kuma ta irin wannan kafa masu kutse ke shiga.

To, ba akwai snprintf ba?

Akwai, amma da tarkonsa, kuma a ganina shi ya fi kama ƙwararru. Yana tsayawa a iyakar da aka ba shi, sai dai lambar da yake mayarwa tsawon da rubutun zai kai ne da wuri ya isa, ba abin da ya rubuta ba. Mai tara rubutu kaɗan-kaɗan, yana ƙara wannan lamba don sanin inda ya tsaya, sai ya wuce ƙarshen ma'ajin bai sani ba. Shi ya sa kanel ke da scnprintf, mai faɗin ainihin abin da ya shiga. Fayilolin sysfs kuma, waɗanda kanel ke nuna bayanan na'urori ta cikinsu, an yi musu sysfs_emit a Linux 5.10, shekarar 2020. Shi ya riga ya san iyakarsa shafi guda ne na ƙwaƙwalwa, baiti 4096 a kan kwamfutocin x86 irin na Intel da AMD.

Adireshin ƙwaƙwalwa fa, ana buga shi?

Tun daga Linux 4.15 a 2018, %p, alamar da ake sawa don buga adireshi, yana sauya wa adireshin kama kafin ya fito. Mai son na gaskiya sai ya rubuta %px, ya kuma kare dalilinsa.

Idan aka ga abin da bai kamata ya faru ba?

BUG_ON, umarnin da ake sawa don kama irin wannan, yana kashe aikin da ke gudana nan take, wani lokaci aikin yana riƙe da makullin da sauran ayyuka ke jira, na'ura ta daskare kafin saƙon ya kai faifai. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya sha yin faɗa a kan haka. Abin da ake so shi ne WARN_ON_ONCE: a buga gargaɗi sau ɗaya, a mayar da lambar kuskure, a ci gaba.

Ke nan WARN ba shi da illa?

Yana da ita. Masu manyan sabobi da yawa suna kunna panic_on_warn, inda kowane gargaɗi ke rushe tsarin gaba ɗaya. Don haka ba a sa WARN a wurin da mai amfani zai iya tayar da shi da gurɓataccen bayani. Nan pr_warn ake sawa, wanda saƙo kawai yake bugawa, ko a ƙi buƙatar kawai da -EINVAL, lambar kuskure mai nuna bayanin bai inganta ba.