Ragowar darajar kadarorin dindindin: me wannan adadi yake nufi a lissafin kamfani?

A takardar da kamfani ke jera abin da ya mallaka da bashin da ake binsa, akwai layin da akantoci ke taƙaitawa da PP&E. Filaye, gine-gine, injina, motoci da kayan ofis ake nufi, wato kayan da za a yi aiki da su fiye da shekara ɗaya. Adadin da ke gaban layin ragowa ce: kuɗin da aka kashe aka mallake su, bayan an cire ragin darajar da ya taru, da duk asarar da aka rubuta idan darajar wata kadara ta faɗi ba zato.

A ce an sayi inji dala 900,000, dako da kuɗin kwastan suka ci 60,000, kafawa da gwaji 40,000. Ƙa'idar lissafi ta duniya, IAS 16, ta ce a haɗa su duka, don haka injin ya shiga littafi a miliyan 1. Aka ƙiyasta zai yi shekara 10, ranar da ya gama aiki a sayar da shi 100,000. Sai a cire 100,000 ɗin daga miliyan 1, a raba 900,000 da ya rage gida 10, kowace shekara a cire 90,000. Bayan shekara 4 ragin ya kai 360,000, ragowar 640,000. Fili ba a rage masa daraja. Ginin da ba a kammala ba shi ma sai ranar da ya zama za a iya aiki da shi.

Inda masu karatu ke tuntuɓe shi ne ɗaukar 640,000 ɗin a matsayin farashin kasuwa. Wataƙila mai saye ba zai ba da rabinsa ba, yayin da filin da aka saya shekara 30 baya yana nan a tsohon kuɗinsa, in kamfanin bai zaɓi tsarin sake ƙiyasta darajar kadarorinsa ba. Kamfani biyu kuma na iya nuna 640,000 ɗin nan, ɗaya ya sayi kayansa 700,000, ɗayan miliyan 3. Na biyun injinansa sun kwana biyu, kashe kuɗi na gabansa. Sai an leƙa bayanan da ke bin bayan takardar ake gane wannan, a ga kashi nawa ne tarin ragi cikin asalin kuɗin saye.

Akwai kuma ƙofar wasa da lissafi. Shekarun inji ƙiyasi ne. A mayar da 10 ta zama 15, ragin shekara ya sauka zuwa 60,000, riba ta kumbura ba tare da an sayar da ko allura ba. Mafi muni a tura kuɗin gudanarwa na yau da kullum cikin kadara. Abin da ya tonu ke nan a kamfanin sadarwa na WorldCom a Amurka a 2002, inda aka rubuta kusan dala biliyan 3.8 na kuɗin hayar layuka a matsayin kadarori.