Ciwon cibiyar maraƙi: daga ina yake shiga, ta yaya ake tare shi?

Da zarar ruwan Agusta ya zauna, masu shanun tatsa a Daura da ƙauyukanta kan fara kuka iri ɗaya: maraƙi bai cika mako da haihuwa ba, cibiya ta kumbura, ya daina ɗokin nono. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Me ya sa cibiya ce ke fara kamuwa?

Saboda igiyar cibiya hanya ce ta shiga cikin jiki. A cikinta akwai jijiyoyin jini, ɗaya daga ciki tana zarcewa har hanta, ga kuma wani siririn bututu da ke kaiwa mafitsara. Idan igiyar ta tsinke wajen haihuwa, bakinta yana nan ɗanye, sai ta yi kamar mako guda kafin ta bushe, ta faɗi cikin mako 2 zuwa 3. A waɗannan kwanaki, duk abin da maraƙi ya kwanta a kai yana iya shiga. Ƙwayoyin cutar da aka fi samu, irin su E. coli, a kashin shanu da ƙasa mai laima suke zaune.

Shanu na haihuwa a daji lafiya lau. Me ya sa na gida ke wahala?

Saniyar da ta haihu a makiyaya ta sauke ɗanta ne a ƙasar da rana ta gasa. Ta gida kuwa a gindin turke take haihuwa, inda kashi da fitsari suka yi wata da watanni suna taruwa, mai gida yana tara su don takin gona. Takin yana da amfani, amma ba wurin haihuwa ba ne. In aka ga saniya ta kusa, a ware mata wuri mai tudu, a share, a zuba busasshen yashi ko ciyawa. Haka wurin dangwali: kada a ɗaure sabon maraƙi a tsakiyar manya, domin wasunsu kan tsotsi cibiyarsa.

Ina ruwan dakashi da cibiya?

A ganina nan aka fi yin asara ba a sani ba. Ɗan mutum yana samun garkuwar jiki daga uwarsa tun yana ciki. Maraƙi ba haka ba ne, mahaifar saniya ba ta barin garkuwar ta ƙetare, sai ya fito duniya fanko. Dakashi ne ke ba shi, kuma hanjinsa ba ya jira: a sa'o'in farko ne yake zuƙe garkuwar sosai, bayan sa'a 24 hanyar ta kusa rufewa gaba ɗaya. Abin da ake so shi ne ya sha kwatankwacin kashi 10 cikin 100 na nauyinsa cikin sa'a 6 na farko. Maraƙi mai kilo 25 ke nan yana bukatar lita 2 da rabi.

Na san dakashi dafaffe yana da daɗi, yara na rububinsa. A bari maraƙi ya ƙoshi tukuna, a tatsi ragowar daga baya. Idan kuma ya kasa tashi, ko saniyar haihuwar fari ce tana harbinsa, kada a zauna ana cewa zai kama da kansa. A tatsa a kwano mai tsabta a ba shi a hankali da kwalba. Masu shanu ruwa-biyu na Firiziyan (shanun Turawa) da Bunaji su fi kula, kuɗin da aka zuba kafin a same su ba kaɗan ba ne.

Me za a sa wa cibiyar?

Aidin mai ƙarfin kashi 7 cikin 100. A zuba kaɗan a ƙaramin kofi mai tsabta, a tsoma igiyar duka har gindinta da zarar an haihu, a maimaita bayan rabin yini. Tsomawa ta fi fesawa, don tana kaiwa ko'ina. Wanda aka tsoma a zubar, kada a ajiye wa maraƙi na gaba. Baƙin mai da kashin shanu da wasu ke shafawa ƙara ɓarna suke yi. Aidin yana busar da igiyar da wuri, ƙuda kuma ba ya samun damar zuba ƙwai har tsutsa ta fito. Amma in maraƙi ya koma ya kwanta cikin caɓi, aidin ɗin ya tafi a banza.

Ta yaya zan gane ta kamu?

A taɓa ta kullum har mako 2. Lafiyayyar cibiya bushewa take yi tana sirancewa. Wadda ta kamu tana kauri, da ɗumi, maraƙin yana zabura in an matsa, wani lokaci da mugunya mai wari. Zafin jiki da ya haura digiri 39.5 a ma'aunin Celsius zazzaɓi ne. Akwai wani kumburin daban, wanda hanji ne ya leƙo ta hujin cibiya: shi laushi gare shi, in ka danna sai ya koma ciki, yawanci ba ya zafi.

To in ta riga ta kumbura, a tsaga?

A'a. Wuƙa a hannun wanda bai tantance ba tana iya faɗawa kan hanji, kuma ana samun ƙurji da leƙowar hanji a cibiya ɗaya. A kira likitan dabbobi tun ranar da aka gani. Shi zai zaɓi allura da yawanta bisa nauyin maraƙin, kuma a cika kwanakin da ya yanka ko da an ga sauƙi, domin allura ɗaya ta ranar kasuwar Mai'aduwa lafar da ciwon kawai take yi. Idan aka yi jinkiri, cutar tana bin jijiya ta yi ƙurji a hanta, ko ta shiga jini ta sauka a gaɓoɓi, sai a ga gwiwa ta kumbura maraƙi na ɗingishi. Wanda ya kai nan, magani na daɗewa, kuma ko ya tashi sau da yawa a tsumbure yake girma.