Olga Boznańska

Olga Boznańska (15 ga Afrilu 1865 – 26 ga Oktoba 1940) mai zane ce 'yar ƙasar Polan, wadda ta yi suna wajen zana hotunan mutane da fentin mai. A birnin Krakow aka haife ta, amma kusan duk rayuwar aikinta a ƙetare ta yi: shekara goma sha biyu a Munich ta Jamus, sannan sama da shekara arba'in a Paris, inda ta rasu. Ana sanya ta a sahun gaba na masu zanen Polan a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20.

Asali da karatu

Lokacin da aka haife ta babu ƙasar Polan a taswira, domin Rasha da Furusiya da Ostiriya sun rarrabe ta tun 1795, kuma Krakow na hannun Ostiriya. Mahaifinta, Adam Boznański, injiniyan jirgin ƙasa ne. Mahaifiyarta, Eugénie Mondan, Bafaranshiya ce, kuma a wurinta Olga ta fara koyon riƙe fensir. Saboda haka ta tashi da harsuna biyu a baki, abin da ya sauƙaƙa mata zaman Faransa daga baya. Ta yi karatu a hannun masu zane Kazimierz Pochwalski da Józef Siedlecki, ta kuma halarci darussan da Adrian Baraniecki ya buɗe domin mata.

A 1886 ta tafi Munich. Babbar makarantar zane ta birnin ba ta karɓar mata a wancan zamani, sai ta shiga ajin kuɗi na Carl Kricheldorf da na Wilhelm Dürr. Ba ta daɗe tana almajiranci ba ta kama ɗakin zanenta. Hoton da ta yi wa wani mai zane Bajamushe, Paul Nauen, a 1893 shi ne ya fara fito da sunanta, bayan da ya samo mata lambar zinariya a Vienna a 1894.

Salon aikinta

Yawancin masu zanen mutane na lokacin suna yi wa mai biyan kuɗi abin da yake so: a gyara hanci, a ƙara wa tufafi ƙyalli, a fito da sarƙa da zobe. Boznańska ba ta bi wannan hanya ba. Fuska da idanu da hannuwa take bai wa ƙarfinta, saura kuwa, tufafi da kujera da bango, sai ta bar su dishi-dishi, kamar ana hango mutum ta cikin hazo. Launukanta ba su cika wuce toka-toka da kore-kore da ruwan ƙasa da fari mai dusashewa ba. Sau da yawa a kan kwali take zane maimakon yadi. Kwalin yana shanye man fentin, hoton ya fito a bushe babu sheƙi, ba ta kuma shafa masa man ƙyallin da ake rufe zane da shi. A wasu wurare ma takan bar kwalin a fili, launinsa ya zama wani ɓangare na hoton.

Zanen da aka fi saninta da shi ta yi shi ne a 1894, yanzu yana Gidan Tarihi na Ƙasa a Krakow. Wata ƙaramar yarinya ce tsaye a gaban bango mai ruwan toka, sanye da riga mai duhu-duhu, ta haɗa hannuwa ta riƙe fararen furanni. Gashinta ja-ja ne, fuskarta a koɗe, idanun baƙaƙe ne manya suna kallon mai kallo kai tsaye. Ba ta murmushi. A zamanin da aka saba zana yara da dariya da kumatu jajir, wannan baƙon abu ne, kuma shi ya sa hoton yake zama a rai.

Masana na ganin tasirin shahararrun masu zane Whistler da Manet da Velázquez a aikinta. An sha jingina ta da 'yan Impireshonizim na Faransa, ita kuwa ba ta yarda da hakan ba. Da gaskiyarta: su hasken rana a fili suke bi, ita kuma a cikin ɗaki take aiki, a haske maras ƙarfi, abin da ke zuciyar wanda ke zaune gabanta take nema.

Zaman Paris

An yi mata tayin koyarwa a makarantar zane ta Krakow, ta ƙi. A 1898 ta koma Paris da zama. Baikonta da mai zane Józef Czajkowski ya warware a 1900, ba ta kuma yi aure ba har ƙarshen rayuwarta. A 1904 ta zama mamba a ƙungiyar masu fasaha ta Faransa, Société Nationale des Beaux-Arts, a 1912 gwamnatin Faransa ta ba ta lambar girma ta Légion d'honneur. Cikin waɗanda suka zauna ta zana su akwai mai tara kayan fasaha Feliks Jasieński da marubuci Henryk Sienkiewicz.

Ɗakin zanenta a titin Montparnasse ya zama matattarar 'yan Polan mazauna Paris. Waɗanda suka ziyarce ta sun ba da labarin hayaƙin taba da ƙura da tsuntsaye da kare, har da ɓeraye da take ciyarwa. Ba ta da sauri, mai son hoto sai ya yi ta zarya yana zama kafin a gama. Hannunta kuma a sake yake, masu neman taimako ba sa rabuwa da ƙofarta.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kasuwar zane ta juya. Sababbin salo sun cika Paris, ita kuwa ba ta bi su ba, har suturarta ta tsohon yayi ta ci gaba da sawa. Masu ba da aiki suka ragu, talauci ya shigo. A 1934 ƙanwarta Izabela, wadda suke zaune birni ɗaya, ta kashe kanta, abin da ya karya mata gwiwa ƙwarai. Karramawa ta zo a makare: babbar lambar yabo a bajekolin duniya na Paris a 1937, sai lambar Polonia Restituta daga ƙasarta a 1938, shekarar da aka nuna ayyukanta a bajekolin Venice.

Ta rasu watanni huɗu bayan sojojin Jamus sun mamaye Paris, aka binne ta a maƙabartar Les Champeaux da ke Montmorency, inda ake binne 'yan Polan da suka mutu a ƙaura. Mafi yawan ayyukanta suna gidajen tarihi na ƙasa a Krakow da Warsaw, waɗanda suka shirya babban nunin zane-zanenta a 2014 da 2015.