Rarrashin aminin da soyayyarsa ta tsaya cak: tambayoyi da amsoshi

Me ya sa jira yake cin rai fiye da rabuwa?

Wanda aka rabu da shi ya san matsayinsa, zai yi kuka ya share hawaye, amma wanda aka bari tsakanin "eh" da "a'a" kullum zuciyarsa tana cikin lissafi. A shekarar 2016 masu bincike na jami'ar UCL da ke Landan sun sa mutum 45 wani wasan kwamfuta na ɗaga duwatsu, duk wanda ya tarar da maciji a ƙarƙashin dutse sai ɗan lantarki ya ja shi a hannu. Sun gano cewa fargabar mutanen ta fi tsanani a lokacin da yiwuwar jan lantarkin take rabi da rabi, har ta zarce ta lokacin da suka tabbata zai zo. Wannan shi ne halin aminiyar da ke ɗaga waya a kai a kai, ta ga an karanta saƙonta ba a amsa ba, da na abokin da aka ce wa "a dakata tukuna" ba tare da an faɗi zuwa yaushe ba.

Aminiyata ta zo mini tana kuka. Me zan fara faɗa?

Ki fara da sauraro, ki ajiye waya, ki bar ta ta kai aya. Daga nan ki tambaye ta: "Ƙawata, shawara kike so, ko so kike ki amayar da abin da ke ranki?" "Ki yi haƙuri" magana ce mai kyau, sai dai idan ta zo da wuri tana zama kamar an ce mata ta yi shiru.

Ba gara in tabbatar mata cewa komai zai daidaita ba?

A nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. Idan kika ce "wallahi zai dawo", kin yi alkawari a madadin mutumin da ba ki da iko da zuciyarsa, kuma ranar da bai dawo ba za ta ji an yaudare ta sau biyu. Haka kuma kawo misalin wance da ta daɗe kafin ta samu miji ba ya sanyaya rai, domin tsoro yake ƙarawa. Abin da za ki iya tabbatarwa shi ne naki: za ki ɗauki wayarta ko da tsakar dare ne, sirrinta ba zai fita daga bakinki ba, kuma jinkirin bai rage mata daraja a idonki ba.

Ina ganin ja wa abokina rai kawai ake yi. In faɗa masa?

Ka faɗa, amma ka tsaya kan abin da idonka ya gani, kamar alkawarin da aka ɗage sau da yawa ba tare da dalili ba. Kada ka zagi wadda yake so, domin idan suka shirya gobe, kai zai fara ɓoye wa labari. Abin da ya fi amfani shi ne ka taimaka masa ya yi mata tambaya kai tsaye, me ake jira kuma har zuwa yaushe, sannan ya yanke wa kansa wa'adin da zai iya ɗauka. Hukuncin nasa ne. Amma idan akwai duka, barazana ko tatsar kuɗi, to babu sauran kara, sai a fito fili a yi gargaɗi.

Kullum magana ɗaya muke maimaitawa. Hakan yana taimako?

Yana da iyaka. Amanda Rose ta jami'ar Missouri a Amurka ta wallafa bincike a 2002 kan yara da matasa, wanda ya nuna cewa yawan nanata matsala tsakanin aminai yana ƙara shaƙuwa, amma yana tafiya tare da ƙarin damuwa da ƙuncin rai. Saboda haka bayan an tattauna, a daina bin saƙonni ɗaya bayan ɗaya ana neman ma'anarsu, a ja aminin zuwa tattaki, karatu ko wani aikin da zai ɗauke hankalinsa.

Yaushe ne abin ya fi ƙarfin amini?

Idan aka kai mako biyu wanda ake rarrashin yana cikin baƙin ciki kusan kullum, barci da cin abinci sun rikice, kuma abubuwan da yake so sun fita daga ransa, waɗannan suna cikin alamomin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa na ciwon damuwa, don haka a raka shi wurin likita. Idan kuwa ya fara cewa gara ya mutu, a tambaye shi ƙarara ko yana tunanin kashe kansa, domin tambayar ba ta cusa wannan tunani. Kada a bar shi shi kaɗai, a sanar da wani na kusa da ya amince da shi, kuma a nemi taimakon asibiti a ranar.