Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini Game da Tsaron Baƙo a Ƙasar Filifin

Tun da ɗalibanmu suka fara tururuwa zuwa makarantun likitanci da na aikin jinya a Dagupan da Cebu da Las Piñas da Davao, tambayoyi iri ɗaya ne suke zuwa mini daga iyayensu da yayyensu da kuma 'yan kasuwar da suke niyyar shigowa. Na tattara su a nan domin in huta da maimaitawa, kuma duk wanda ya sake aiko mini da ɗaya daga cikinsu, wannan rubutun zan tura masa.

Tambaya: Shin Filifin ƙasa ce mai haɗari ga baƙo?

Amsa: Ƙasa ce mai tsibirai sama da 7,000 da mutane fiye da miliyan 110, saboda haka ku daina tambayata kamar gari ɗaya ce. Zama a Makati daban yake da zama a Tondo, ko da yake duk a babban birnin Manila da kewayensa suke, kuma Baguio ba ta da wata alaƙa da abin da ke faruwa a Sulu. Mafi yawan baƙi suna gama karatunsu ko aikinsu su koma gida ba tare da wani abu ya same su ba, in ban da satar waya.

Tambaya: Za a farma ni domin ni baƙar fata ne, ko domin ni Musulmi ne?

Amsa: A'a. Za a kalle ka, yara za su tsokane ka, wani mai gidan haya zai ce maka ɗakin ya kama alhali yana nan babu kowa, amma wannan wulaƙanci ne, ba farmaki ba. Akwai babban masallaci a Quiapo tun 1976, akwai wani a unguwar Maharlika ta Taguig, kuma jama'a suna zuwa sallar Juma'a cikin kwanciyar hankali.

Tambaya: Zan iya mallakar bindiga don kare kaina?

Amsa: Ba za ka iya ba. Dokar makamai ta 2013 ɗan ƙasa kaɗai ta ba lasisi, kuma baƙon da aka kama da bindiga kurkuku zai tafi kafin a yi maganar kora. Kada a sake tambayata wannan.

Tambaya: Me ya kamata in yi idan aka tare ni a hanya?

Amsa: Ka miƙa abin da aka nema. Masu fashin titi sukan zo su biyu a kan babur, wanda 'yan ƙasar suke kira riding-in-tandem, ko kuma su shiga jeepney, wato motar haya ta jama'a, kamar fasinjoji, su zaro wuƙa ko bindiga su ce holdap. Wayarka suke so ba ranka ba, kuma a iya abin da na gani, waɗanda aka raunata yawanci waɗanda suka yi kokawa ne ko suka bi ɓarawo a guje. Da dare ka kira mota ta manhajar Grab maimakon tarar tasi a bakin titi, kuma kada ka tsaya latsa waya a gefen hanya. Akwai kuma waɗanda ake kira Ativan gang, masu zuwa da fara'a, sau da yawa har da mata masu kama da iyayen wani, su ja ka da hira, su ba ka abin sha, ka farka washegari babu kuɗi babu fasfo. Tarbiyyarmu ta hana mu ƙin karɓar abincin da aka miƙo mana, amma a hannun wanda ka haɗu da shi yau a Rizal Park, ka ƙi karɓa.

Tambaya: Na ba wani ɗan ƙasar bashi, ko kuma mun haɗa jari, yanzu yana ta kauce mini. In je gidansa, in kai ƙara, ko in haƙura?

Amsa: Wannan ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, kuma ita ce ake yi mini bayan aikin gama ya gama. A ganina, idan ka bi diddigin labaran baƙin da aka harbe a wannan ƙasa, za ka tarar yawancinsu sun san wanda ya sa aka harbe su, kuma tushen maganar bashi ne, ko fili, ko mace, ko ma'aikacin da aka kora a gaban jama'a. Indiyawan da suke yawo a kan babur suna ba 'yan kasuwa rancen da ake kira 5-6 sun daɗe suna ɗanɗana wannan, domin mai bin bashi kullum sananne ne, an san hanyarsa, an san lokacin da jakarsa take cika.

Abu na farko da ya kamata ka fahimta shi ne, ɗan Filifin yana iya jure asarar kuɗi, amma da wuya ya jure a kunyata shi a gaban iyalinsa ko maƙwabtansa. Mu mun saba ɗaga murya a kan haƙƙinmu, mu yi cacar baki da rana mu ci tuwo tare da dare, to a nan ba haka abin yake ba. Mutumin zai yi maka murmushi, ya ce sige po, wato to shi ke nan, ya yi maka alkawarin gobe, ka tafi kana zaton ka yi nasara, alhali ya riƙe abin a zuciyarsa. Bindigogi kuma ba su da wuyar samu, har da ƙirar gida da ake kira paltik, wadda garin Danao na lardin Cebu ya yi suna a kanta. Saboda haka zuwa ƙofar gidansa ka tsaya kana kiran sunansa, musamman da yamma lokacin da maza suke zaman shan giya da waƙar videoke, wadda ake rerawa da makirufo ana bin kiɗan na'ura, shi ne mafi munin zaɓi a cikin ukun da ka lissafa. Wallafa hotonsa a Facebook ma bai fi hakan ba, domin dokar laifukan intanet ta 2012 ta sa ɓata suna a kafar sadarwa ya zama laifin da ake ɗaure mutum a kansa, sai ka wayi gari kai mai bin bashi ka koma wanda ake tuhuma.

Abin da na fi ba da shawara shi ne ka nemi mai shiga tsakani wanda yake jin nauyinsa, ko ubangidansa na baftisma, ko babban yayansa, ko limamin cocinsu, ko limamin masallaci idan Musulmi ne, a yi maganar a ɓoye, a ba shi hanyar biya kaɗan-kaɗan wadda ba za ta zubar masa da mutunci ba. Idan hakan bai yi ba, sai ofishin unguwa, wato barangay. Tun 1978 doka ta tanadi cewa mutanen da suke zaune a gari ɗaya su fara kai ƙananan rigingimu gaban shugaban unguwa da kwamitin sulhunsa, kuma sai sulhu ya gagara ne ake ba da takardar izinin zuwa kotu. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a can tana da ƙarfin doka. Daga nan akwai kotun ƙananan da'awowi, wadda tun 2022 take sauraren bashin da bai wuce peso miliyan 1 ba, kuma lauya ba ya tsaya wa kowa a gabanta. Sai dai ka sani tsarin mulkin ƙasar ya hana ɗaure mutum saboda bashi zalla, in ba cekin bogi ya ba ka ba ko an tabbatar da zamba, saboda haka ko ka yi nasara, karɓo kuɗin wani aiki ne daban.

Duk wannan da na faɗa ya dogara ne ga inda kake da kuma wanda kake rigima da shi, kuma ba zan yi maka alkawarin cewa zai yi aiki ba. A Quezon City ko Cebu, inda shugaban unguwa bai san ku duka biyun ba, ana iya yi maka adalci. A ƙaramin gari kuwa, mai yiwuwa shugaban unguwar kawunsa ne, ɗan sandan da zai rubuta ƙorafinka kuma abokin karatunsa ne. Idan ka ji yana da dangantaka da magajin gari ko wani babban ɗan sanda, ko kuma ya taɓa faɗa maka, ko da cikin wasa, cewa ya san inda kake kwana, to ni shawarata ka rubuta ƙorafi a littafin ofishin 'yan sanda, wanda ake kira blotter, domin a sami shaida, ka sanar da ofishin jakadancinku, sannan ka bar kuɗin ka sauya unguwa. Ka tuna kuma kai a kan biza kake zaune, ƙorafi ɗaya zuwa hukumar shige da fice yana iya jefa ka cikin wahalar watanni, ƙarar laifi a kotu kuma tana iya jawo a hana ka barin ƙasar. Wani zai ce wannan tsoro ne. Ni dai na fi son a kira ka matsoraci da a kira mu mu haɗa kuɗin kai gawa gida.

Tambaya: Na auri 'yar ƙasar, zan iya sayen fili da sunanta?

Amsa: Za ka iya, amma filin nata ne har abada, domin tsarin mulki na 1987 ya hana baƙo mallakar ƙasa. Idan zama ya yi tsami, kada ka yi jayayya da danginta a kansa. Ka kuma sani babu saki a dokar ƙasar sai ga Musulmi a ƙarƙashin dokar 1977, saboda haka mata da yawa da suke cewa sun rabu da mazajensu har yanzu matan aure ne a idon hukuma, kuma zina da matar aure laifi ne da mijin yake iya kai ƙara a kansa, idan ma ya tsaya ga ƙarar ke nan.

Tambaya: Gaskiya ne ana garkuwa da baƙi a Mindanao, yankin kudancin ƙasar?

Amsa: An yi, kuma ba a daina gaba ɗaya ba. Ƙungiyar Abu Sayyaf ta ɗauki baƙi daga Palawan a 2001, ta ɗauki wasu daga tsibirin Samal a 2015, ta kuma kashe 'yan Kanada biyu daga cikinsu a 2016. An shafe wata biyar ana yaƙi a Marawi a 2017, an tayar da bam a cocin Jolo a 2019, an sake tayar da wani a jami'ar Marawi a Disambar 2023. Ƙarfin Abu Sayyaf ya ragu ƙwarai, kuma an kafa yankin Bangsamoro mai cin gashin kansa a 2019, amma ko a Oktobar 2024 an sace wani Ba'amurke daga garin Sibuco na Zamboanga del Norte. Davao da Cagayan de Oro birane ne da baƙi suke zaune lafiya. Sulu da Basilan da ƙauyukan Maguindanao da Lanao del Sur kuwa, ba ka da abin yi a can. Ina jin haushin masu ce mini ai su Musulmi ne, ba abin da zai same su. Mai neman kuɗin fansa ba ya tambayar alƙiblarka, kuma gabar dangi da ake kira rido, wadda take cin rayuka a yankin, tsakanin Musulmi da Musulmi ake yin ta.

Tambaya: 'Yan sanda fa, abin dogaro ne?

Amsa: Yawancinsu za su yi maka ladabi fiye da yadda ka zata, amma maganar ƙwaya tana sauya komai. A yaƙin da Shugaba Rodrigo Duterte ya ƙaddamar daga 2016 zuwa 2022, hukuma da kanta ta amince an kashe mutane sama da 6,000 a samame, masu kare haƙƙin ɗan'adam suna cewa adadin ya ninka haka, kuma a kan wannan ne aka kama shi a Maris 2025 aka kai shi kotun hukunta manyan laifuka ta duniya da ke Hague. A Oktobar 2016 wasu 'yan sanda suka ɗauki Jee Ick-joo, ɗan kasuwa daga Koriya ta Kudu, daga gidansa a Angeles da sunan binciken ƙwaya, suka kashe shi a cikin harabar hedikwatar 'yan sanda ta Camp Crame, sannan aka karɓi kuɗin fansa daga matarsa. Kamun da ake yi don tatsar kuɗi har suna gare shi, hulidap.

A ƙarƙashin dokar 2002, sayar da ƙwayar da ake kira shabu komai ƙanƙantarta ɗaurin rai-da-rai ne, kuma an sha kama 'yan Afirka ta Yamma a kan ƙwaya da zambar intanet, shi ya sa ido yake kanmu. Kada ka karɓi saƙon kowa ka ajiye, kada ka ara wa kowa asusun banki ko na manhajar tura kuɗi ta GCash ko layin waya, ko da ɗan garinku ne. Idan aka tare ka, kada ka gudu, kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, ka nemi a kira jami'in unguwa da lauya da ofishin jakadanci. A laifukan yau da kullum, doka ba ta yarda a tsare wanda aka kama ba tare da sammaci ba fiye da awa 36 ba a miƙa shi ga shari'a ba.

Tambaya: Zan iya shiga zanga-zanga ko taron siyasa?

Amsa: A'a. An tilasta wa Patricia Fox, 'yar Ostareliya mai hidimar coci da ta shafe kusan shekara 30 a ƙasar, ta fice a 2018 a kan wannan zargin, balle kai mai bizar ɗalibi.

Tambaya: Ɗana bai ɗaga waya ba tun shekaranjiya, me zan yi?

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki tukuna. Guguwa kusan 20 ce take shiga yankin ƙasar kowace shekara, tana ɗauke wuta da intanet na kwanaki, sannan agogonsu yana gaban na Najeriya da awa 7, saboda haka lokacin da kike kiransa bayan isha'i shi yana tsakiyar barci. Ki tuntuɓi abokin ɗakinsa, sannan shugaban ƙungiyar ɗalibai ta garin, sannan ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarsa, kuma idan duk ba a same shi ba sai a sanar da ofishin jakadancin Najeriya da ke Makati, wani da yake can kuma ya kira 911 ya je ofishin 'yan sanda mafi kusa da gidan. Waɗannan lambobi tun ranar da ya sauka ya kamata a ce suna rubuce a wurinki, tare da cikakken adireshinsa da sunan unguwarsa da hoton fasfonsa da na katin zamansa na ACR. Idan ba ki da su, da zarar ya kira ki karɓa.