Kan Jirgin Ƙasa Mai Dizal Da Batir: Zai Ja Fasinja A Layinmu Na Gombe?

Tun da hotunan sababbin kawunan jirgin nan da ake kira haibirid suka fara yawo a wayoyi, ba na zama a majalisa a Gombe ba tare da an tare ni da tambaya ba, don an san na yi aikin reluwe. Tambayoyin kuma ba sa canzawa. Ga amsoshin a wuri ɗaya, wanda ya sake tambayata nan zan turo shi.

Mene ne shi haibirid ɗin?

Kan jirgi ne mai samun ƙarfi ta hanya biyu. Wani dizal da batir, wani kuma dizal da wayar lantarki ta sama: inda akwai waya ya ja wuta, inda babu ya tada inji. Shi ke nan.

Ke nan jirgin lantarki ne?

Tsohon kan dizal ɗin da kuka riƙa gani a tashar Gombe ma lantarki ne ke juya ƙafafunsa. Inji yana juya janareta, janareta yana ba ƙananan injinan lantarki da ke maƙale a ƙafafu wuta. Batir kawai aka ƙara a tsakani.

A ina za a yi cajinsa, mu da wuta ba ta zama?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin mai yin ta bai tsaya ya saurari bayanin farko ba. Mai dizal da batir ba ya jiran a kawo wuta. Injinsa ne ke cika batirin, sai kuma birki. Idan direba ya rage gudu, injinan ƙafafun nan suna komawa suna samar da wuta. A tsohon kai wutar nan ƙona ta ake yi ta fita a matsayin zafi, a haibirid kuwa batir ake zuba wa, a yi amfani da ita wajen tashi na gaba. Duk mai janareta da inbata a gida ya san tsarin: janareta na aiki, batir na cika, a kashe janareta fitila ba ta mutu ba.

Yau aka ƙirƙiro shi?

A'a. Japan ta sa jirgin fasinja mai dizal da batir a layin Koumi tun 2007. Kafin nan kamfanin Railpower na Kanada ya yi Green Goat don aikin jera taragai a cikin tasha. Ingila ta fara jigilar mutane da jiragen Hitachi masu dizal da waya a 2017, Italiya kuma tana da Blues mai haɗa waya da dizal da batir.

Wanda aka nuna a Abuja mai shan gas fa?

Wancan daban. A 2024, lokacin Sa'idu Ahmed Alkali, ɗan nan Gombe, yana ministan sufuri, an nuna kan jirgin da aka gyara injinsa ya riƙa shan iskar gas tare da dizal. Mai aka sauya masa. Ba ya tara ƙarfin birki. Ku daina haɗa su, don Allah.

To Malam, a taƙaice, zai ja taragan fasinja daga Bauchi zuwa Gombe har Maiduguri?

Wannan ba ta taƙaituwa, kuma duk wanda ya ba ka amsar kalma ɗaya kada ka yarda da shi. Zai iya, amma ya danganta da wane iri aka sayo, da irin tafiyar da za a sa shi.

Mu cire mai waya tukuna. Layinmu babu wayar lantarki ko ta mita ɗaya, haka na Abuja zuwa Kaduna. A ƙasar nan jirgin cikin gari na Legas da ake kira Blue Line ne ke tafiya da lantarki tun 2023. In aka kawo mana mai waya, an sayi kayan da ba za su taɓa aiki ba, ana kuma jan nauyinsu kullum.

Saura mai batir. Ribarsa tana wurin tsayawa da tashi. Jirgin da ke tsayawa kowane kilomita biyar ko goma, ko wanda ke wuni a tasha yana jera taragai, shi ne ke morar batir sosai, domin birkinsa da yawa, zaman jiransa da yawa. Layinmu ba haka yake ba. Daga Kuru kusa da Jos zuwa Maiduguri kimanin kilomita 640 ne, tashoshin kuma nesa da juna. A doguwar tafiya irin wannan dizal ne ke ɗauke da aikin, saboda ƙarfin da ke cikin kilo ɗaya na dizal ya ninka na kilo ɗaya na batir fiye da sau goma. To ga abin lura: wasu haibirid ɗin, musamman na aikin tasha, ƙaramin inji ake sa musu don an dogara da batir. Irin wannan in ya kama doguwar hanya batirin ya ƙare, sai ka ga yana jan jiki da taragai cike da mutane. Wanda ya dace da mu sai mai cikakken inji, batir ya zama mataimaki.

Sai dai ba zan ce babu riba ba. Jos tana sama da mita 1,200, Bauchi wajen mita 600. Jirgin da ke gangarowa daga tsaunin Filato yana kan birki na dogon lokaci, wannan kuwa wuta ce ta kyauta, har zuwa inda batirin ya cika. Wajen komawa kuma batirin zai tallafa wa inji a hawa, in dai bai ƙare tun a gindin tudu ba.

Sannan fasinja ba buhun masara ba ne. Yana son fitila, fanka ko na'urar sanyaya, wurin cajin waya, ruwa a banɗaki. Duk wutar nan ko kan jirgi ya bayar ko a jawo taragon janareta na musamman. Yawancin kawunan da aka ƙera don kaya ba su da hanyar ba taragai wuta. Don haka tambaya ta farko ga mai sayarwa ita ce: kan nan zai ciyar da taragai nawa, kuma nawa zai rage na jan jirgi? Idan an yi shi daidai, a nan ne fasinja zai ji daɗinsa: jirgi na tsaye a tashar Bauchi ko Bajoga, inji a kashe, babu hayaƙi babu ƙara, amma cikin tarago da sanyi.

Akwai nauyi. Batir yana da nauyi ƙwarai, dogon namu kuma tsoho ne. An isa Bauchi da shi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964. Kowace gada da kowane dogo suna da iyakar nauyin da ƙafa biyu za su ɗora musu, kan da ya wuce iyakar ba zai hau ba komai kyansa.

Akwai kuma zafi da ƙura. Batirin litiyam ya fi lafiya ƙasa da digiri 35, mu kuwa a Maris da Afrilu muna kai 40. Dole a sanyaya shi, sanyayar ma wuta take ci, ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska. Za a iya shawo kan wannan, amma sai an faɗa wa masu ƙerawa tun farko inda za a kai shi.

Ra'ayina: ga jirgin Bauchi zuwa Gombe mai tsayawa a ƙananan tashoshi, da aikin cikin tasha, ina goyon baya. Ga doguwar tafiya zuwa Maiduguri, a kawo ɗaya a gwada shi shekara guda, ya ga bazara da damina da hunturu, kafin a sa hannu a sayi da yawa.

An ce rabin mai yake sha, gaskiya ne?

A aikin tasha ragin yana da yawa. A kan hanya ku rage buri. A 2021 kamfanin Wabtec ya gwada kan batir tsakanin kawunan dizal biyu a jirgin kaya a Kalifoniya ta Amurka, ragin da aka samu ya ɗan haura kashi 11 cikin 100. Kuɗi ne mai yawa ga mai sayen dizal kullum, amma ba rabi ba ne.

Batirin ba zai kama da wuta da mutane a ciki ba?

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Ba irin na wayar hannu da ake saya a bakin titi ba ne. Yana cikin akwatin ƙarfe, da na'urar da ke auna zafin kowane ɓangare ta yanke wuta in ya wuce ƙima. Haɗarin yana zuwa ne in an bar gyara.

Tikiti zai sauko?

Ba lallai ba. Kan ya fi na dizal tsada, batirin kuma ana sauya shi kafin kan ya tsufa.

Me zai hana a aro mana na Abuja zuwa Kaduna?

Faɗin dogo. Nasu milimita 1,435, namu 1,067. Ba zai hau ba.

To yaushe za mu gan shi a tashar Gombe?

Jama'a, a kan me zai taka? A Maris 2021 aka ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, mai tsawon kilomita 1,443, a 2024 kuma aka buɗe ɓangaren Fatakwal zuwa Aba, kilomita 60 da 'yan kai. Nan wajenmu kuwa wasu na kwance ƙarafan dogo cikin dare suna sayar wa 'yan gwangwan, wasu sun gina shaguna har bakin layi, muna gani muna shiru. Mai sayen ƙarfen nan ya san ba daga gonar wani aka tono shi ba. Ku tambayi wakilanku ina aikin layin ya tsaya, ku kuma tambaye su yara nawa daga Bauchi da Gombe za a tura koyon gyaran batir da kwamfutar jirgi, domin makanikan da muka bari a reluwe dizal suka sani, kuma yawancinsu sun kusa ritaya.